Takalmin Hagu Mai Salatif

Zuwa ga ɗana Bahago,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ka cire bayana da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa duk sanda na tashi daga benci. Uwarka tana gaishe ka. Ta ce in rubuta maka ka riƙa cin abinci, na ce mata mai gudun minti casa'in ba ya buƙatar tuni.

Tunda kocinku ya tattara wayoyinku ya kulle a akwati sai ƙarshen kakar wasa, dole ta sa na koma wa biro. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san a aji huɗu muka rabu da makaranta, kuma babu wanda ya yi kuka a cikinmu.

Mun kalli wasanku na Asabar a shagon mai aski. Ina kan kujera, an aske mini rabin kai, sai ga ka ka yanke mutum biyu ka zura ƙwallon nan da hagu. Mai aski ya ajiye almakashi, ni na miƙe da ƙyalle a wuya ina ihu kamar an taka mini ƙafa. Haka muka tsaya har aka tashi. Sai ɗan jarida ya tare ka a bakin fili, ka ce, "Na gode wa Allah, na gode wa Baba." Na gyara tsayuwa, na dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Tela maƙwabcin rumfata har ya miƙo mini hannu. Sai kyamara ta juya kan wani gajeren mutum mai usur a wuya, ka ruga ka rungume shi. Tela ya janye hannunsa a hankali ya mayar aljihu. Mai aski ya ce, "Zauna in ƙarasa maka, Baba na biyu."

Yau kwana huɗu ke nan, sunan ya bi ni har bakin rumfa. Jiya wata mata da ban taɓa gani ba ta kawo silifas ta ce ko nan ne wurin Baba na biyu.

Ban ji haushi ba. Uwarka ta ce na ji, saboda na bar abinci. Ciki ne kawai ya ƙi.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Da suka maimaita cin nan a hankali, sun nuna ƙafarka kusa-kusa. Bahago, mene ne wannan a takalminka na hagu? Ya wage baki ta gefe, an naɗe shi da farin salatif kamar hannun mai karaya. Shekara talatin da ɗaya ina ƙarƙashin rumfar nan ina rufe wa takalman mutane baki, sai ga na ɗana yana yi wa duniya dariya a talabijin. Na gane shi sarai, baƙin nan ne mai jan dunduniya da na sake wa ƙasa bara. Da, ko zare ɗaya ne ya tashi, kakan ba direban motar safe ya kawo mini. Wata bakwai rabona da ganin takalminka. Na ɗauka sun ba ka sabo ne, ashe wani likitan ka samu.

Ka ba direba shi gobe, jibi ya dawo maka kamar ango.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ƙafa.

Ubanka,
wanda ke kan takardar haihuwa.

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na karanta wa abokan ɗakina wurin mai aski, gola ya yi dariya har ya faɗo daga gado. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ina cin abinci.

Baba, kada ka sa maganar sunan nan a ranka. Kowa haka yake kiran Koci, har direban motarmu, wanda ya girme shi.

Takalmi kuma ka yi haƙuri, ba zai zo yanzu ba. A ƙungiyarmu, muddin ba a ci mu ba, ba a canza komai kuma ba a gyara komai. Wasa goma sha bakwai ke nan ba a doke mu ba. Gola bai wanke safar hannunsa ba tun wasan farko, shi ya sa muka mayar da gadonsa bakin taga. Kyaftin bai taɓa gemunsa ba. A mota kowa na zama inda ya zauna ranar farko. Nawa rabon shi ne takalmin nan. In za mu fita fili, kowa sai ya dafa shi da hannu kafin ya wuce ƙofa. Na san za ka ce camfi ne. Mu ma mun sani, amma yana haɗa kanmu.

Kuma ba ya damuna ko kaɗan. Baba da kansa yake durƙusawa ya naɗa mini salatif ɗin kafin kowane wasa, ya iya sosai.

In an gama kofi zan kawo maka shi da hannuna.

Ɗanka,
Bahago.

*

Zuwa ga Koci, Baban ɗana,
daga wanda ya haife shi kawai.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin ta wanda ba a sani ba. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da usur, da akwatin wayoyi.

Ni ne mai gyaran takalma, mahaifin ɗan wasanka mai lamba goma sha ɗaya. Wataƙila ya taɓa ambata ni, wataƙila kuma ka ɗauka daga sama ya faɗo da takalmi a ƙafa. In ya ambata ni, na san abin da ya faɗa, don haka bari in riga shi. E, na fasa masa ƙwallo huɗu da basilla yana yaro. Na biyar ya ɓoye a cikin tukunyar uwarsa, ban gano ba sai da aka zo girki. Ina so ne ya yi karatun da ni ban yi ba. Da na ga yaron ya fi ni taurin kai, kuma na san inda ya gado shi, sai na ajiye makami na koma gyara masa takalmi. Tun yana shekara goma sha biyu babu takalmin da ya taka fili da shi da bai bi ta hannuna ba. Na san ƙafar hagun nan fiye da yadda na san fuskata, don ita na fi kallo.

Yanzu ya rubuto mini cewa kai kake durƙusawa ka naɗa masa salatif, wai ka iya sosai. Na karanta layin nan sau uku, na huɗu uwarsa ta ƙwace takardar.

Sunan Baba na bar maka, ka riƙe, dama ni ban yi masa rajista ba. Runguma a talabijin ita ma na yafe. Amma takalmi, ranka ya daɗe, sana'ata ce. Ni ban taɓa zuwa na ce maka ka sa mutum huɗu a baya ko uku ba, ko da yake in ka tambaye ni, mai tsaron bayanka na dama yana juyawa kamar babbar mota. Kai ma bai kamata ka shigo mini rumfa ba. Kuma tunda ka shigo, bari in gaya maka gaskiya tsakanin ma'aikaci da ma'aikaci: naɗin naka ba daidai ba ne. Daga waje kake farawa ka ja ciki. Ranar da aka yi ruwa zai kwance tun kafin hutun rabin lokaci.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Awa ɗaya da takalmin nan. Safar gola ba ruwana da ita, Allah Ya ba maƙwabtansa haƙuri. Gemun kyaftin ya kai har gwiwa in yana so. Amma ɗan mai gyaran takalma ba zai ɗaga kofi da yagaggen takalmi ba, unguwarmu ba za ta bar ni in mutu da mutunci ba.

Na gode da yadda kake kula da shi. Wannan layin uwarsa ce ta tsaya a kaina sai da na rubuta.

Naka cikin girmamawa daidai gwargwado,
Mai gyaran takalma.

*

Zuwa ga mahaifin Bahago,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Wasiƙarka ta iso, na kuma gode.

Ɗanka yaro ne mai ladabi da ƙwazo, wannan kuwa daga gida ya zo da shi. Sunan da yara suke kirana da shi ban roƙa ba, ban kuma hana ba.

Game da takalmi, ba zan iya ba da shi ba. Akwai dalili, kuma ba ni ya kamata in faɗa ba. Ina roƙonka ka bar shi yadda yake.

Mun kai wasan kusa da na ƙarshe. Karawa biyu ce, ta farko a gidanmu ranar Lahadi ta sama, ta biyu a gidansu bayan kwana goma. Ga takardar shiga na haɗo maka, ta wurin zaman manyan baƙi. Ka zo da wuri ka ga inda yake kwana da inda yake atisaye. Shekara huɗu yana hannuna, ban taɓa ganinka a bakin fili ba, kuma na lura yakan dubi wurin zaman iyaye kafin a busa.

Maganar mai tsaron baya na dama, gaskiyarka ce. Muna aiki a kai.

Wassalam,
Koci.

*

Zuwa ga ɗana Bahago,

Sallama da gaisuwa, in za ka amsa. Na iso gida lafiya. Na tsaya a tasha har motar farko ta cika ta tashi, na ce ko za ka leƙo, sai na hau ta biyu. Ban ce ka yi laifi ba.

Uwarka ta ce in rubuta in ba da haƙuri, kada in yi wasa a ciki. Zan gwada, amma ka san ni.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, don kai ƙarshen kawai ka gani. Na iso da hantsi. Kocinku ya tare ni da kansa a bakin ƙofa. Na so in same shi mai girman kai, sai ya karɓi jakata ya riƙe mini, wannan ya ƙara ɓata mini rai. Ya zagaya da ni. Ya nuna mini gadonka, ya ce ba ka iya barci sai ka juya fuska bango. Ya ce in an ci ku ba ka magana sai washegari. Ya ce ba ka son a yabe ka a gaban mutane. Ina ta gyaɗa kai kamar na sani. Na bangon kaɗai na sani.

Da ya kira ku cin abinci da jawabin da baƙo ba ya shiga, mai kula da kaya ya zaunar da ni a ɗakin canza kaya, ya ce in huta, ya fita. Riguna a rataye, kowace da takalmi a ƙarƙashinta an jera kamar sojoji. Naka yana can kusa da ƙofa, a kan wata 'yar kujera shi kaɗai, kamar mai sarauta. Wallahi na yi niyyar kallo kawai. Na ma zauna a kan hannuwana. Amma jakata tana gefe, kuma ka san ko gidan biki ban taɓa zuwa babu basilla ba.

Da na kwance salatif ɗin, sai na ga bakin yagar a miƙe yake sambal. Reza ce ta yi wannan aikin, ƙwallo ba ya yaga fata haka. Na ce a raina, ato, mutumin nan da gangan ya farke aikina don ya samu abin durƙusawa. Daga nan ban ƙara jin muryar hankali ba. Na haɗe bakin, na yi masa ɗinki biyu, ciki da waje, da zaren nan mai kakin da nake ɓoyewa. Na ja shi ya koma daidai ƙafarka yadda na san ta. Na goge shi har ina ganin haƙorana a jiki. Bahago, a shekara talatin da ɗaya ban taɓa aiki mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa aikin da aka yi wa shiru irin wannan ba.

Kun shigo kuna waƙarku kuna buga bango. Kyaftin ne ya fara gani, waƙar ta mutu a bakinsa. Gola ya zauna a ƙasa ya ɗora safar nan mai wari a ka. Wani dogo ya ce, "Wa ya taɓa?" Na ce, "Ni ne, Baba na biyu," ina jiran dariya. Ko tari ba a yi ba. Kai kuwa ba ka dube ni ba, takalmin kake kallo.

Ga abin da ya fi nauyi, zan faɗa tunda na fara. Kocinku ya shigo da salatif a hannu, ya zo zai durƙusa, ya ga babu abin naɗawa. Ya tsaya, ya juya salatif ɗin, ya sa a aljihu. A daidai lokacin nan, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Har cikin ƙashina na ji shi. Ya ja ka gefe kuka yi magana ƙasa-ƙasa, na ga kana girgiza kai. Sannan ka zauna ka sa takalmin. Da za ku fita, babu wanda ya dafa shi.

Sauran ka fi ni sani. Ina zaune cikin manyan baƙi, kujera mai laushi, ina kallonka kana gudu kamar mai taka ƙaya. Suka ci ku ɗaya. Aka dawo hutu babu kai. Wani mai babbar riga kusa da ni ya ce, "Yau me ya samu lamba goma sha ɗaya?" Na ce masa ban san yaron ba.

Na karya muku al'ada, na sani, kuma abokanka za su daɗe suna kallonka da abin. Wannan na ba da haƙuri. Amma ka gaya mini tsakani da Allah, zare ne yake cin wasa? Kuma ka tambayi Babanku dalilin da ya sa ya sa wa aikina reza.

Ka ga, na gwada, ban iya ba da haƙuri har ƙarshe ba.

Ubanka.

*

Zuwa ga mahaifin Bahago,

Sallama. Bahago ya nuna mini wasiƙarka. Ya kasa amsawa, ya kuma ba ni izini in faɗi abin da na ƙi faɗa a baya.

Ni na yanka takalmin, gaskiya ne. Wata bakwai da suka wuce an taka shi a wurin atisaye, ɗan ƙaramin yatsansa na hagu ya karye. Ya warke, amma ya warke a karkace, ya fito waje kamar faɗin ɗan yatsan hannu. Babu takalmin da ke shigarsa ba ciwo. Mun kawo masa sababbi kala uku, ya ce shi wanda ka sake wa ƙasa yake so. Sai na tsaga gefen don yatsan ya samu wuri, nake naɗewa don kada ƙasa ta shiga. A wasan farko da ya buga haka muka yi nasara, yara suka mayar da abin al'ada. Na bar su, domin ƙungiyar da ta yarda da abu ɗaya tare tana da wuyar karyawa, ko da abin salatif ne.

Kai ka ɗinke shi daidai ƙafar da ka sani. Ƙafar ce ta canza.

Da na ja shi gefe ranar Lahadi, reza na ce zan ɗauko in sake buɗewa, aikin minti ɗaya. Ya ce, "Ɗinkin babana ne. Ba wanda zai sa masa reza yana tsaye yana kallo." Na ce umarni nake ba shi. Ya ce in ajiye shi a benci in na ga dama. Ya buga minti arba'in da biyar a haka. Da muka cire takalmin a hutu, safarsa ta jiƙe da jini.

Malam, ka ce in riƙe sunan Baba. Shekara huɗu ina tashinsa atisaye, ni na kai shi asibiti, ni na zauna da shi aka ɗaure yatsan. Bai taɓa ce mini a'a ba sai ranar, a gaban yarana, saboda zarenka. Ni 'ya'ya mata uku Allah Ya ba ni, babu mai son ƙwallo a cikinsu. Ban yi barcin kirki ba tun Lahadi, kuma ba ƙwallon da aka zura mana ne ya hana ni ba. Ina ganin ka fahimce ni.

Yanzu ga inda muke. Saura kwana shida karawa ta biyu. Likita ya ce yatsan zai yarda in takalmi ya yarda. Bahago ya ƙi sabo, ya kuma ƙi a taɓa wannan. Idan haka ta tsaya ba zan sa shi ba, kuma yaran ba za su manta dalili ba.

Na ba direba takalmin. A ciki akwai takarda, na ɗora ƙafarsa a kai na zagaye da biro. Ban iya zane ba, amma na yi a hankali.

Ka ce awa ɗaya kake so. Ga kwana uku.

Wassalam,
Koci.

*

Baba,

Na saka wannan a cikin takalmin, Koci bai sani ba.

Ina gaishe ka. Na yi fushi, amma rabi ya wuce. Ban zo tasha ba ne saboda ba na iya taka ƙasa, ban kuma so ka gani.

Ban gaya maka maganar yatsa ba saboda ranar da zan bar gida, kana ɗaure mini jaka, ka ce, "Ranar da ƙwallo ya karya ka, kada ka kawo mini, ni takalmi nake gyarawa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na san wasa kake. Amma da aka ce ya karye, ita ce maganar da ta fara zo mini.

Kada ka gaya wa Inna jinin.

Gola ya ce in gaishe ka. Ya wanke safar, tunda an riga an ci mu. Ya ce ko ba komai ka ceci ɗakinmu.

Ɗanka.

*

Zuwa ga Koci,

Sallama, da gaisuwa ta gaskiya wannan karon, ba a tsaya a kaina ba.

Ga takalmi nan. Na farke ɗinkina da hannuna. Tela yana kallo ya ce bai taɓa ganin mutum yana kwance aiki yana share ido ba, na ce masa gam ne ya shiga mini. Na sa wata fata mai laushi a wurin, ta ɗan akuya, na yi wa yatsan ɗaki daidai zanenka. Zanen ba laifi. Ka ɗan karkata a dunduniya, amma wurin yatsan ka yi shi kamar mai tsoron kada biro ya ji masa ciwo. Na gani.

In ka duba ta gefen waje, za ka ga na bar wani ɗan baki ban rufe ba, kamar faɗin farce. Ba mantuwa ba ce. Ƙasa za ta iya shiga ta nan in ba a naɗe ba, don haka dole wani ya durƙusa kafin wasa. Ka fara daga ciki ka ja waje, zagaye uku, ka danne da babban yatsa. In yaran suna son dafawa, su dafa.

Ka gaya wa Bahago maganar jakar nan na janye ta. Duk abin da ya karye a jikinsa ya kawo mini, ko ban iya gyarawa ba ina so in gani.

Ba sai ka aiko takardar manyan baƙi ba. Zan hau motar safe in bi ku har garin abokan karawarku, in zauna a wurin iyaye, inda ka ce yana dubawa. Jakar aiki uwarsa ta kulle ta a ɗaki ta rataya makullin a wuya.

Takardar ƙafar kuwa ba zan mayar ba. Na manna ta a bangon rumfa, saitin idona.

Naka,
Baba na biyu. Ko na ɗaya. Mu bar shi sai an tashi wasa.